Wufar Auta Lafiyarta Lau

Tun yana kwanar layinmu na san ƙanena Auta ne tafe, don gwangwanayen man birki da ke kan kantar garejina suka fara rawa. Kafin ya gama fakin, kyanwar mai faci ta haye katanga.

Ya fito ya ce, "Yaya, abin nan fa ya sake raguwa. Sam sautin kiɗan ba ya tashi."

Ba ya tashi! Lambar motar na kakkarwa kamar mai zazzaɓi, maƙwabcina mai gilashi ya rungume hajarsa yana salati, amma wai sauti ba ya tashi. Na ce, "Sannu Auta, gaskiya an cuce ka. Unguwa uku kacal ke jin ka, ina amfanin wannan?"

Bai yi dariya ba. Bai ma ji ba, don na faɗa ne kaina na cikin but ɗin bayan motar.

Ni wayarin mota nake yi. Auta kuwa direba ne, kuma kunnuwansa tafiya suke yi. Inna ta sani, matarsa Maman Bebi ta sani, mai kantin bakin gidansu da ke tashi tsaye kafin ya gaya masa kuɗin sabulu ya sani. Auta kaɗai ne ya yi bincike mai zurfi ya gano cewa amfilifaya, na'urar ƙara sautin motarsa, ita ce ba ta da lafiya. In aka ce masa asibiti sai ya ce mutanen yanzu ne ke magana ƙasa-ƙasa kamar masu gulma. Duniya gaba ɗaya ta rage murya, kuma duk don a ƙuntata wa Auta.

To, mai kaya ya ce a duba, sai a duba. Na zaro fis, lafiyarsa ƙalau, na mayar. Na ce da sauƙi, don wancan karon wani abokinsa, babban injiniyan bakin titi, ya cusa masa ƙusa a gurbin fis, saura ƙiris motar ta zama gawayi. Na bi jar wayar da ta taso daga batir har cikin but ina shafawa, babu inda ta goge. Na kwance wayar at, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, na kankare wurin har ya yi ƙyalli, na mayar na tamke. Na ɗora mita a kan batir, na sa ya tada inji. Wuta na zuwa yadda ya kamata, altaneta na caji. Amfilifaya fitilarta kore, ba ta yi zafi ba. Wufar kanta, wannan ƙatuwar lasifika da ta cinye rabin but har babu wurin ajiye safaya, na danna ta da yatsu, tana shiga tana fita sumul.

Yana tsaye a kaina yana ba da umarni. "Ƙara murɗa wancan, Yaya."

Na juyo na fuskance shi, na ɗaga murya. "Ya kai ƙarshe, ranka ya daɗe. Daga nan sai dai mu sa maka janareta a kujerar baya."

"To ko a ƙaro wata amfilifayar?"

"Ƙwarai kuwa. Mu ƙaro biyu. Fasinja su riƙa hawa da haƙoransu su sauka babu."

Ya ɓata rai. "Kai dai ka ce aikin ya fi ƙarfinka."

Nan raina ya ɓaci. Yaron da na goya, na share wa majina, yau shi ke gaya mini aiki ya fi ƙarfina. Na sa hannu na zare fis ɗin. Gareji ya yi tsit, har na ji mai gilashi ya sauke ajiyar zuciya.

"Auta, dubi bakina da kyau. Motar nan lafiyarta lau. Na auna komai. Abin da ya rage ban auna ba yana maƙale a gefen kanka, hagu da dama, kuma ba ni da mitarsa. Rannan babbar mota ta yi ta danna maka hon a shataletale, Inna na zaune kusa da kai, ko gezau ba ka yi ba. Tun ranar ta ce gara ta tafi da ƙafa."

Na zaci zai taso mini da masifa, na ma shirya amsa. Sai ya zauna a bakin but ɗin, kusa da wufar da ta yi shiru, yana kallon takalminsa.

"Ka ɗauka ban sani ba, Yaya?"

Na ajiye mitar a gefe.

"Waƙar ma na daina jin ta tuni," ya ce. "Wufar nan kaɗai ta rage mini. In ta buga, ina jin ta a bayana, ta cikin kujera. Sai in ce ai da saurana." Ya shafa akwatin wufar. "Shekaranjiya Bebi ta yi ta kuka a gefena, uwarta na wanka. Ta fito ta same ni ina danna waya, ta ce ba ni da imani. Wallahi ban ji ba. Jiya da ta fara sai na ɗora ta a ƙirjina, na manne ta. A nan na ji kukan, Yaya. Kamar yadda nake jin wannan."

Tausayinsa ya kama ni. Na juya ina ta neman filaya, alhali tana hannuna.

"In na je asibiti suka ce jin ya tafi ke nan fa?" ya tambaya. "Wa zai bar kurma ya ja mota?"

"In ba ka je ba ma tafiya yake yi. Tashi."

Na jefa fis ɗin a aljihu, na ja ƙofar gareji na datse, na karɓi makullin motar. Karon farko ke nan da ya ba ni ba tare da gardama ba. Mai gilashi ya leƙo yana tambaya ko an gyara, na ce an gano inda matsalar take.

Muka kama hanyar asibiti, motar shiru, sai sigina ke ƙyas-ƙyas. Auta ya jingina da kujera sosai, ya danna bayansa, ya gyara zama ya sake dannawa. Babu bugun komai a cikin kujerar. Sai ya juya yana kallon titi ta taga.

Na ce, "Allah Ya ba ka lafiya, ɗan Inna. Ka yafe mini baƙar maganar da na yi ta yaɓa maka."

Bai juyo ba.