Shuɗin Ƙyalle a Jikin Ƙarfe

Injin ɗaure ciyawarmu ya girmi aurena da Dambin. Tun zamanin gonar gwamnati yake, kamfanin da ya ƙera shi ma ya daɗe da rufewa. Amma ban taɓa raina shi ba, don shi ke ɗaure mana abin da shanu za su ci idan dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa. A kwarinmu, wanda bai tara ciyawa da kaka ba, fatu zai jeme da bazara.

Bana mun yanke ciyawa, ta bushe sarai a fili, sai sandar ƙarfen da ke juya ƙugiyar ƙulli ta cinye. Inji ya riƙa tofo dami ba ɗauri, iska na watsa shi. Dambin ya je Ulanbator, babban birnin ƙasarmu, ya karaɗe kasuwar tsofaffin ƙarafa, ya dawo babu ko ƙusa. Sai aka tuna masa da Sodnom, aminin marigayi wansa, wanda ke da irin injin a mace a bayan garkensa.

Sodnom ya tarbe mu da fara'a har kunne, ya ba mu shayin madara, ya kai mu wurin injin. Tsatsa ta ci ko'ina, karnuka na kwana a ƙarƙashi. Sandar tana nan kuwa, an naɗe tsakiyarta da hadag, shuɗin ƙyallen da muke girmama manya da wurare masu tsarki da shi.

"Babana ya ɗaura shi da hannunsa shekarar da ya rasu," in ji Sodnom. "Lama, malamin addininmu, ya yi masa addu'a. Ƙarfen nan, ƙanena, sai dai jikokinka su gaji da shi."

Dambin mutum ne da ba ya sayen ƙarfe sai ya ƙwanƙwasa shi da guduma ya kasa kunne. Lafiyayye ƙara yake yi, mai tsaga kuwa muryarsa a dishe take. Na ga ya zaro gudumar, ya dubi ƙyallen, ya mayar da ita aljihu. Wa zai doki hadag?

Na ce, "Yaya Sodnom, a ɗan zame ƙyallen mana mu ga ƙarfen."

Dambin ya harare ni. "Ke Yanjin, kina da hankali kuwa? Ɗaurin mamaci za ki kwance?"

Sodnom ya kece da dariya. "Ƙyale ta, ƙanena. Matarka ko rago aka ba ta kyauta sai ta buɗe bakinsa ta duba haƙora."

Muka ba shi ragonmu mafi ƙiba, muka ɗauko sanda. A hanya na kasa haƙuri. Na ce wa Dambin ƙyallen da ya sha rana tun mutuwar tsoho ai da ya koɗe ya yi fari, wannan kuwa shuɗi ne kamar jiya aka saro shi.

"Albarka ce," in ji shi.

Albarka! Na juya fuska wajen tagar mota, don in na sake buɗe baki ba abin kirki zai fito ba.

Ya ɗaura sandar da ƙyallenta, har ya sa na yayyafa wa injin madara. Aiki ya fara kyau, dami na faɗowa a ɗaure. Ba mu ci rabin fili ba, hadari na haɗuwa ta arewa, sai muka ji ƙas! Sanda ta rabu biyu, daidai ƙarƙashin hadag. Na ɗauki guntun na duba. Tsohuwar tsaga ce, cikinta ya yi baƙi, an cusa mata gam an shafe da giris, sannan aka lulluɓe da abin da muke miƙa wa iyayenmu da hannu biyu. Ko ɓarawo ban taɓa jin ƙyamarsa haka ba.

Ruwa ya sauko, ƙanƙara ta biyo baya. Ciyawar da muka sha wahalar yankewa ta ruɓe a kwance, wari har cikin tantin da muke zaune. Dole muka rage shanu kafin sanyi ya kama su da yunwa.

Wa ya zo saye? Sodnom, da babbar mota da sabuwar riga, yana miƙo sabon hadag na gaisuwa. Dambin ya karɓa da hannu biyu, kai a sunkuye. Maƙwabta na zaune. Na zuba wa baƙo shayi, don ba a hana baƙo shayi. Sannan na ɗauko tsohon ƙyallen, ya sandare da giris, na shimfiɗa shi a tafukana na miƙa masa.

"Ga amanar babanka, Yaya."

Hadag ba a ƙin karɓarsa, kuma ba a karɓa da hannu ɗaya. Ya karɓa, giris ya ɓata masa hannun riga. Na tsaya ina jira in ga kunya a idonsa. Ya ninke ƙyallen a natse, ya cusa a ƙirji, ya kurɓe sauran shayinsa.

"To, ƙanwata," ya ce, "wacce ce jar saniyar nan da ake cewa ta fi nono?"

Ita ce wadda uwata ta ba ni tana maraƙa. Ina tsaye a ƙofa aka tura ta mota, tana waiwaye. Kwanon da ya sha shayi a ciki kuwa kare na ba, har yau a ciki yake ci.