Dutsen Murhun Inna Hinda

A Kwaya, da ka aiki mutum ya nemo maka dutse, gara ka aike shi neman kifi. Ƙasa ce ta rairayi, duk inda ka tona rairayi za ka tarar. Mata da curin laka suke kafa murhu, in ya farfashe su sake gina wani. Inna Hinda kaɗai ce take da dutse na gaske a murhunta, baƙi wuluk, mai nauyin da sai ƙato ya yi nishi kafin ya ɗaga shi. Sauran biyun na laka ne, ta gina su daidai tsayinsa.

Mijinta, marigayi Manzo, shi ya tsinto shi shekarar da aka kawo ta gidan. An ji wata ƙara da rana tsaka, ba hadari ba gajimare, da ya je gona sai ya tarar da rami a tsakiyar gyaɗa. Ya tono dutsen, ya ɗoro wa jaki, ya zo ya dire mata shi a madafa ba tare da ya ce uffan ba. Manzo ba mai magana ba ne. Duk abin da ya taɓa ba ta, ko an cinye ko ya yage, sai wannan dutse. Shekara arba'in da wani abu tana ɗora tukunya a kansa.

To, sai ga Halilu. Shi ne ɗanta na fari, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Magariya, kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malami da Faransanci. Da yake ɗan fari ne, Inna Hinda ba ta kama sunansa, ba ta kuma yi masa magana ido da ido. In tana da faɗa da shi, sai ta nemi wanda yake kusa ta gaya masa, Halilu yana tsaye yana ji. In ba kowa, akuya ma ta isa.

Wata rana Inna Hinda ta tafi Dungass wankan jegon autarta, shi kuma ya zo gida da wani abokinsa mai aiki a gidan tarihi na Damagaram. Abokin ya ga dutsen, ya kara masa maganaɗisu, maganaɗisu ya manne. Nan fa ya rikice, ya ce wannan daga sama ya faɗo, bai kamata ya ƙare a ƙarƙashin tukunyar miyar kuka ba. Halilu, mutumin boko, ya ji abin ya yi masa daɗi. Ya ba da dutsen kyauta, ya sayo bulon siminti sabo fil ya sa a gurbinsa, a ganinsa ma ya yi wa uwarsa gata.

Ran da ta dawo ta hura wuta, bulo ya ji zafi ya tsage, tukunya ta kife, miya ta bi rairayi. Ta tsaya ta kalli miyar har ƙasa ta shanye ta. Sannan ta juya wajen akuyar da ke ɗaure a turke.

"Ke, gaya wa wancan," ta ce, "tun da shi ya san hanyar da dutsena ya bi, shi zai kai ni."

Halilu ya yi lallashi ta bakin akuya, ya yi ta bakin maƙwabciya, har ya yi alkawarin murhun ƙarfe na zamani. Inna Hinda ta ce a gaya masa ita ba murhu ta rasa ba, dutsenta ta rasa.

Amma ba ta da niyyar zuwa gidan mutane hannu rabbana ta ce a ba ta. Da suka iso Magariya ta shiga kasuwa ta zaɓi dutsen niƙa, jibgege, wanda ya fi nata girma nesa ba kusa ba. A lissafinta, wanda aka ba babban dutse aka karɓi ƙarami ai ba shi da ta cewa. Aka sa shi a buhu, Halilu ya saɓa a kafaɗa, da farar rigarsa ta zuwa aiki. A tasha yaran lakwal ɗinsa suna ta "Sannu Mushe, a kama maka?" Inna Hinda ta ce wa direba ya gaya musu kada wanda ya kama masa.

Suka isa Damagaram bayan azahar. A ƙofar gidan tarihin akwai wani mai gadi, dogon dattijo mai suna Laminu. Ya yanka musu tike, ya dubi buhun, ya dubi gumin da ke zuba a wuyan Halilu.

"Hajiya, me aka kawo mana?"

"Musaya na kawo," in ji ta. "Ina mai gidan nan?"

"Mai gidan mace ce, Madam Fa'iza. Ta ɗan fita, yanzu za ta dawo. Ku zagaya ku ba ido abinci kafin nan."

Inna Hinda ba kallo ya kawo ta ba, amma tun da an biya, ta shiga. Ɗakin farko cike yake da ƙore da akusa da faya-faye, an jera su a bayan gilashi. Ta tsaya ta ƙare musu kallo. Ba mai gida, ba baƙi, ba abinci, sai kwanuka. Ta tambayi Laminu ko matar gidan yaji ta yi. Ya ce a'a, kayan mutanen da ne, an ajiye don a gani. Ta ce ita ma tana da irin wancan akushin, jiya ma ta ci tuwo a ciki, ko ita ma mutanen da ce? Laminu ya ce Allah Ya ja kwana.

A lungun ɗaki na biyu aka yi 'yar bukka, an kafa murhu a gabanta da tukunya a kai. Nan ranta ya ɓaci sosai. Duwatsu uku ne reras, na gaske, masu kyau, ba toka ba gawayi, ba a taɓa hura musu wuta ba. Mutane suna da duwatsu uku suna zaman banza, amma sai da suka je har Kwaya suka ɗauke wa tsohuwa ɗaya tilo. Ta ce wa Laminu ya gaya wa wancan mai buhu ya buɗe ido ya gani. Laminu ya waiga ya gaya masa. Halilu ya ce ya gani.

Suka wuce wani ƙashi da ya kai tsawon mutum, wanda aka ce na wata dabba ce da ta shuɗe tun ba a yi mutane ba. Ta ce Allah Ya kyauta da ba ta zo a zamanin gonar gyaɗa ba. Daga nan Laminu ya tura wata ƙofa, sanyi ya buge su kamar an buɗe bakin randa.

"Nan ne ɗakin kimiyya," ya ce. "Kilim aka sa, na'urar sanyaya ɗaki, kayan ba sa son zafi."

Ba ta ji shi ba. A tsakiyar ɗakin, a kan jan ƙyalle, cikin akwatin gilashi, da fitila a kansa, ga dutsenta. An wanke shi tas. Duk baƙin hayaƙin da ta yi shekaru tana tara masa an kankare. Wasu mata biyu 'yan birni suna tsaye suna ɗaukar hoto da shi. Da farko wani alfahari ya taso mata, don ko ita ba a taɓa shimfiɗa mata jan ƙyalle ba. Sai kuma haushi ya danne shi.

"Ku matsa," ta ce musu. "Nawa ne."

Ana cikin haka Madam Fa'iza ta shigo, mace mai tabarau, ba ta wuce sa'ar autar Inna Hinda ba. Ta rusuna ta gaishe ta yadda ya kamata, wannan kuwa ya ɗan rage wa tsohuwa kaifi. Da ta ji daga Kwaya suke, fuskarta ta washe. Ta shiga bayani: dutsen nan ƙarfe ne, daga can sararin samaniya ya taho, ya girmi duk wani dutse da ke doron ƙasa, mutane daga nesa suke zuwa ganinsa.

"Shi ya sa ba ya tsagewa," in ji Inna Hinda. "'Yar nan, na gode da labari. Ga babba na kawo miki, ki ba ni ƙaramin."

Halilu ya dire buhun, ya kwance. Madam Fa'iza ta dubi dutsen niƙa, ta dubi Laminu, Laminu ya dubi rufin ɗaki. Ta yi ta maza ta haɗiye dariyarta.

"Inna, ai Mushe Halilu ne ya ba mu shi kyauta."

"Tambaye shi nasa ne?"

Madam Fa'iza ta juya. "Mushe, ba ka tambaye ta ba?"

Halilu ya fara wani dogon zance da Faransanci. Inna Hinda ta ce wa Laminu ya gaya masa ya yi da Hausa, yaren da ya sha nono da shi. Da Hausa kuwa zancen bai da tsawo. Ya ce bai tambaya ba.

Madam Fa'iza ta juya ta dubi akwatin gilashin. Ana gani an san ba ta so, don duk gidan ba abin da ya kai dutsen nan jan mutane. Amma ta ce abin da aka ba da ba da sanin mai shi ba, ba kyauta ba ne. In Inna ta ce a ba ta, za a ba ta, ba sai da musaya ba. Ta aika aka kawo mabuɗi, ita da Laminu suka ɗage gilashin.

Inna Hinda ta gyara ɗaurin zaninta, ta matso da murmushin wadda ta ci nasara. Ta zagaya ta ɗaya gefen don ta sami wurin kamawa, sai ta tsaya cak.

Kan dutsen babu. Daga gaba ba a lura, amma ta baya an yanke shi a karkace, an shafe wurin sumul yana ƙyalli. Nan ne kafaɗarsa take a da, mai ɗan lotsawa, inda cikin tukunya yake zama daram ko ana tuƙa tuwon suna.

"Wa ya yi masa kaciya?" ta tambaya.

Laminu ya tuntsire da dariya, ya kuma yi saurin toshe baki da ya ga fuskarta. Madam Fa'iza ta ce masana ne suka yanki yanki don su duba cikinsa, an tafi da shi nesa, kuma da yardar Mushe aka yi. Muryarta ta yi ƙasa sosai.

Inna Hinda ta buɗe tafin hannu ta auna shi da taki, yadda take aunawa in za ta gina masa abokan laka. Ya gaza. Ko an cika ƙasansa da laka, ba tukunyar da za ta zauna a kan wannan santsi.

"Inna," in ji Halilu, ya manta da Laminu, ya manta da kowa, "sai a kwantar da shi ta gefe, ko a kai wa maƙeri…"

"Yi mini shiru, Halilu."

Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ya sunkuyar da kai.

Ta daɗe tana kallon dutsen. Tana iya cewa a ɗaura shi a buhu, ba mai hana ta. Amma ta kai shi gida ta ajiye a ina? A bayan rumbu, kaji suna hawa? Ta riƙa wuce shi safe da yamma tana girki a kan laka? Wannan ya fi rashinsa ciwo. A nan ko ba komai yana da abin yi, ana zuwa ana kallonsa.

"Ku riƙe," ta ce. "Ya gama aiki."

Madam Fa'iza ta fara godiya, Inna Hinda ta ɗaga mata hannu. Laminu ya tambaya a hankali ko dutsen niƙan ma an bar musu. Ta ce ya gaya wa wancan, yadda ya kawo shi haka zai mai da shi Kwaya, a kafaɗa.

Sannan ta ɗora tafinta a kan dutsen don ta yi masa sallama, sai ta janye da sauri kamar an ɗana mata wuta. Sanyi ƙalau. Ita kuwa tun ran da Manzo ya dire shi ba ta taɓa jin sa da sanyi ba. Ko da asuba ta fito, kafin ta hura wuta, da sauran ɗumin jiya a jikinsa, a nan take gasa yatsunta. Bayan rasuwar Manzo, da gidan ya yi mata faɗi, wannan ɗumin ne kaɗai abin da take tararwa da safe yana jiranta. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ita kanta sai yanzu ta sani. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"'Yar nan, ku kashe wannan abin sanyin."

"Inna, sauran kayan ba za su jure ba. Amma akwai taga a ɗakin gaba, hantsi yana shigowa. Zan sa a mai da shi can."

"To. Kullum?"

"Kullum, in sha Allahu."

Laminu ya kama gilashin zai mayar, ya ce lokacin tashi ya yi. Inna Hinda ta sake ɗora hannunta a kan dutsen, ta ɗora ɗayan a kai, ta danna.

"Dakata, Malam," ta ce. "Bari ya ɗan ji ɗumi tukuna."