Alawar Farin Ƙwai a Ƙarshen Damina

Zadok ne ya jawo wa matarsa wahalar nan. Akawu ne a ofishin lardi a Yola, yana zaune da iyalinsa a Damilu cikin Jimeta, kuma mutum ne mai saurin baki. Da bikin cika shekara goma da samun mulkin kai ya matso, sai ya gayyaci abokan aikinsa cin abinci a gidansa, har da wani babbansu da ya zo daga Maiduguri. Bai tsaya nan ba, ya yi musu alkawari cewa matarsa Rhoda za ta yi musu alawar Turawa ta farin ƙwai da sukari, fara sol, mai narkewa a baki.

"Baban Lilian, sau ɗaya fa na taɓa yin ta," in ji Rhoda da ya gaya mata. "A makaranta a Numan, da rani, a murhun mishan mai ƙofa. Ina ka ga irin murhun nan a gidanka?"

"Haba, ke da kike koya wa yara girki? Ai na riga na faɗa."

Rhoda ta shiga gidan maƙwabciyarta, Gogo Zulaihatu, dattijuwa 'yar cikin garin Yola wadda ke zaune wurin ɗanta ɗan kasuwa. Suka zauna a tabarma suka raba aiki. Gogo ta ɗauki tuwon shinkafa da miyar taushe, da dakkere da kindirmo. Rhoda ta ce za ta yi masa da kunun gyaɗa. Za a zuba a manyan farantai a tsakar gida, kowa ya miƙa hannu. Shirin bai kwana ba Zadok ya fara ɓata shi. Yau ya ce baƙon Maiduguri ba ya son yaji, gobe ya ce an ƙara mutane, jibi ya turo ƙanwarsa Magdalena da niyyar dafa-duka.

"Shinkafa a tuwo, shinkafa a masa, ga wata shinkafar kuma?" in ji Gogo. "Malama, mijin nan naki biki yake so ko gasar shinkafa?"

Ana gobe biki Rhoda ta sayo ƙwan zabi, don shi ne ya cika kasuwa. Ɓawonsa tauri gare shi, tana fasawa gwaiduwa ta tsinke cikin farin. Ta buga, ta buga, ko alamar kumfa babu. Ta sake fasa waɗansu a hankali, ta zuba a kwanon da Magdalena ta wanke, ashe da sauran maiƙon man gyaɗa a jikinsa. Wannan ma ya kwanta kamar ruwan koko. Ta wanke kwanon da kanta da ruwan zafi da lemun tsami, ta shanya shi, ta sake farawa da cokali mai yatsu. Kafaɗarta ta ƙage, zufa na ɗiga daga haɓarta. Can sai farin ya tashi ya yi tozo. Ta riƙa barbaɗa sukari kaɗan-kaɗan har ya yi sheƙi.

Saura gashi. Ta shimfiɗa yashi a gindin babbar tukunyar ƙarfe, ta jera curi-curin kumfar a kan marfin gwangwani, ta rufe, ta ɗora garwashi a sama. Na farko suka ƙone baƙi ƙirin, domin Zadok ya kira ta neman farar rigarsa. Ta rage wuta sosai, ta zauna gaban tukunyar ta hana kowa yi mata magana. Da la'asar ta buɗe, sai ga su farare, busassu, ba nauyi ko kaɗan. Ta ɗanɗana ɗaya, ta ji ta narke a harshenta. Ta kai wa Gogo ɗaya a tafin hannu.

"Useko," in ji Gogo, ta yi godiya da Fillanci, ta tauna tana lumshe ido. "Ikon Allah! Ƙwai ne wannan?"

Rhoda ta jera sauran a babban kwano ta rufe da marfi. Kafin magariba hadari ya taso daga wajen kogin Binuwai, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, gari ya waye da danshi ko'ina.

Da hantsi Magdalena ta ƙona dafa-dukarta. Rhoda ta ruga bakin kogi ta sayo ragon ruwa, ta yi farfesu a gaggauce, ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Baƙi suka cika tsakar gida, aka ci aka sha. Sai Zadok ya miƙe ya gyara murya.

"Yanzu kuma ga abin da na gaya muku. Maman Lilian, a kawo!"

Rhoda ta shiga ɗaki ta ɗaga marfin. Alawar ta sha danshi ta saki jiki, ta manne da juna ta zama dunƙule ɗaya mai yauƙi, ruwan sukari ya kwanta a gindin kwanon. Ta daɗe tsaye tana kallo, idonta ya kawo ruwa. Zadok ya sake kira. Ta ɗauko kwanon yadda yake, ta dire shi a gabansa, ta miƙa masa cokali.

"Ga ta nan. Kai ka yi alkawari, sai ka raba."

Ya kafa cokali, abin ya biyo shi yana ja kamar danƙo. Wani ya fashe da dariya, sauran suka bi. Gogo ta leƙo daga wajen mata tana rantsuwa cewa jiya ta ci da bakinta, kuma ba haka take ba, amma ba mai saurarenta. Baƙon Maiduguri ya lasa kaɗan don kara, ya ajiye, ya tambaya ko akwai sauran farfesu. Ya ce tun da ya zo Adamawa bai ci kifi mai daɗinsa ba, kowa ya ce gaskiya ne.

Wannan yabon ya fi dariyar ƙona wa Rhoda rai. Bayan an watse, Zadok ya zo yana lallaɓa ta, wai ai biki ya yi kyau. Ba ta ko dube shi ba. Ta tura masa kwanon da soso, ta ce ya jiƙa shi da ruwan zafi, sannan ta ɗauki mayafinta ta shiga gidan Gogo shan sauran kindirmo.