Ludayi na Uku

Hansatu ta yaye zanen da ta lulluɓe bahon da shi, tsamin kwaɓin alkaki ya daki hancinta, yawu ya cika mata baki. Ta haɗiye da sauri, ta waiga ko wani ya gani. An gani kuwa. Autarta Ramlat tana zaune a kan turmi, ido ɗaya a kan waya, ɗaya a kan bakin uwarta.

"Umma, yau kwana talatin da takwas," in ji Ramlat.

"Sannu, agogon masallaci. Da ba ki faɗa ba ai da na manta."

Shekara talatin Hansatu ta yi tana alkaki a Rano. Duk garar da aka sauke a gidan miji, tambayar farko da dangin ango suke yi ita ce, "Na Hansatu ne?" In an ce e, sai a gyara zama. Ana cikin haka, shekara uku da suka wuce, jiki ya juya mata baya. Kasala ta rufe ta, gashi ya kama zubewa, wuya ya ɗan tasa, ta koma lulluɓa da bargo a tsakiyar zafin bazara. Yatsunta suka kumbura har murza kwaɓi ya zame mata azaba. Masu ilmi kuwa ba su yi ƙaranci ba. Wannan ta ce sammu ne, waccan ta ce iska ce, wata baiwar Allah ma ta ce hutu ne ya yi mata yawa, ita da rabonta da barcin rana tun tana amarya.

Sai bana aka kai ta asibiti a Kano. Likita ya duba jininta ya ce maƙoƙo ne, irin wanda sojojin jikin mutum da kansu suke afka wa wata 'yar tsoka da ke maƙogwaro.

"To, juyin mulki ke nan," in ji Hansatu. "Ni nake ciyar da su, ni suke harbi."

Likita ya rubuta mata ƙwaya ɗaya kullum kafin karin kumallo. Da an tsaya nan da an rabu lafiya, amma Ramlat malamar firamare ce mai waya. Ta fito da ita ta ce ta karanta cewa masu irin wannan ciwo a ƙasashen waje suna barin alkama da duk abin da ya fito daga nonon saniya. Likita ya ɗaga kafaɗa ya ce wasu suna jin sauƙi, wasu ba sa jin komai, ta gwada na wata biyu in tana so, amma kada ta kuskura ta bar ƙwayar. Daga ranar aka yi sallama da burodi da taliya da fanke da funkaso, aka kori madara daga shayi, aka hana man shanu hawa tuwo. Fura ma sai dai a dama mata da ruwa, abin tausayi.

Hansatu ta yi mita har maƙota suka haddace. Sai dai abin haushin, ta ji sauƙi. Yatsun sun saɓe, tana iya dunƙule hannu, tana iya tashi daga tabarma ba tare da ta dafa bango ba. Ko ƙwayar ce, ko haramcin Ramlat ne, Allah kaɗai ya sani, ita dai ba ta shirya bincikawa da jikinta ba. Tsoron komawa gidan jiya take yi sosai, ko da yake ba za ta taɓa faɗa a gaban Auta ba.

Yau kuma bayan la'asar za a kai garar Afra'u, 'yar ƙaninta, da aka ɗaura wa aure aka kai Kibiya. Shinkafa da man ja da nakiya da dubulan duk sun haɗu tun shekaranjiya. Alkaki kaɗai ya rage, don Hansatu ta yi ta ja masa rai. Alkaki dai ɓarzajjiyar alkama ce da aka kwaɓa da nono, wato maƙiyanta biyu sun haɗa kai a baho ɗaya. Kuma ba a yin sa da ido. In kwaɓi ya kwana ya yi tsami, sai a riƙa zuba ruwan kanwa ludayi-ludayi, a murza guda ɗaya a soya, a ci, a ji ko tsamin ya kwanta. In kanwa ta gaza, tsami ya kashe baki. In ta zarce, sai bauri. Shekara talatin ɗin nan babu harshen da ya taɓa yanke wannan hukunci sai nata.

Malam Sallau, maigidanta, yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana tsoma burodi a shayi mai kauri, a gabanta, ba ko kunya.

"Ni ban ga abin wahala ba," ya ce da baki cike. "Mai azumi ma ai tana ɗanɗana miya ta tofar."

"Allah ya ƙara ilmi, Malam. Alkaki ba miyar kuka ba ce. Tsaminsa ba ya faɗin gaskiya a kan harshe, sai ya wuce maƙogwaro. Kuma na san halina. In ɗaya ya shiga, wallahi sai bakwai sun bi shi."

"To, ki ba yarinyar nan ta ɗanɗana mana."

Hansatu ta juya ta dubi Ramlat tun daga sama har ƙasa. Yarinyar da aka raina da taliyar leda da lemon kwalba! Wadda take cewa daddawa wari take yi! Ita ce za ta yanke wa alkakin Hansatu hukunci, a kai shi Kibiya, gidan da Hajiya Lubabatu take, gwaggon ango, matar da ta taɓa mayar da kwallar nakiya guda don ta ji ƙauri-ƙauri?

Amma rana tana ɗagawa, mai ya yi zafi a kasko, kuma babu wani harshen a gidan sai na Malam, wanda ko takalmi aka soya masa zai ce ya yi daɗi.

"Ajiye wayar nan ki wanke baki," in ji Hansatu.

Ta zuba ludayi ɗaya na ruwan kanwa, ta cakuɗa, ta gutsiro, ta murza shi siriri a kan faifai, ta naɗe shi ta jefa a mai. Yatsun suna tafiya yadda suka saba a da, har ta ɗan ji daɗi a ranta. Da ya yi ja ta tsamo, ta miƙa wa Ramlat a kan murfin kwano. Ramlat ta hura, ta gatsa, ta yamutsa fuska.

"Kai, Umma! Kamar tsamiya."

"Haɗiye tukuna. Wa ya tambaye ki tun yana baki?"

Ta haɗiye. "Har yanzu tsamiya."

Ludayi na biyu ya shiga. Aka sake murzawa, aka sake soyawa. Wannan karon Ramlat ta tauna a hankali, ta haɗiye.

"Ya isa," ta ce.

"Me ya isa?"

"Kanwar. Ya yi daidai haka."

Hansatu ta yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Kwano shida na alkama, nono ya kwana a wannan zafin, a ce ludayi biyu? A 'yan shekarun nan uku take zubawa, wani lokacin har da ɗori. Ta cika ludayi na uku ta ɗaga shi a kan bahon.

"Umma, don Allah kada ki zuba."

"Iye! Jama'a ku zo ku ga ikon Allah. Alkaki biyu ta ci, ta zama sarkin alkaki. Shi ma a wayar kika karanta?"

"Ke kika ce in ɗanɗana. Na ɗanɗana, na ce ya isa. In ba ki yarda ba, ga ragowar nan." Ramlat ta turo mata murfin kwanon da rabin alkakin a kai. "Ki ci. Amma in yatsunki suka koma yadda suke, ni ba zan iya sake ganin ki kina kuka a kan maɓallin riga ba."

Hansatu ba ta san yarinyar ta ga wannan ba. Ta dubi rabin alkakin, ja, yana ƙyallin mai, nisansa da bakinta bai fi taƙi biyu ba. Gatsa ɗaya ta isa ta raba gardama. Ta dubi hannun da yake riƙe da ludayin, ba ya rawa, ba ya zugi. Ta daɗe a haka har man kasko ya fara hayaƙi.

Ta mayar da ruwan kanwar cikin kofinsa, har ya fallatsa.

"Shi ke nan. In an yi abin kunya a Kibiya, sunana za a kira, ba na wayarki ba. Rage wutar nan."

Suka yi ta suya har azahar. Hansatu tana murzawa tana naɗewa, Ramlat tana tsamowa tana tsomawa a dafaffen sukari da lemon tsami. Kwalla biyu suka cika. Ranta a ɓace yake, don ji take kamar ta sa hannu a takardar da ba ta karanta ba.

Bayan la'asar aka loda kaya a mota, mata suka bi a adaidaita sahu. A Kibiya an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, dangin ango sun jeru, kowacce ta sha ɗaurin ɗankwali kamar ranar shari'a. Aka yi gaishe-gaishe, aka yi guɗa, aka shiga buɗe kaya. Hajiya Lubabatu ba ta ko kalli shinkafar ba. Ta sa aka jawo mata kwallar alkaki gabanta.

"Na Hansatu ne?"

"Nata ne, Hajiya. Ga ta nan ma."

"Uhm," in ji Hajiya Lubabatu, ta ɗan taɓe baki. Ta zaɓi guda, ta karya shi kusa da kunnenta, ta leƙa cikinsa, sannan ta kai baki. Hansatu ta fara shirya abin da za ta ce, cewa ba ta da lafiya, cewa nonon bana ba shi da kyau.

Hajiya Lubabatu ta haɗiye. Ta ɗauki na biyu.

"Allahu Akbar! Hansatu, ashe kin dawo!"

"Na dawo daga ina, Hajiya?"

"Daga inda kika tafi mana. Jumai, karɓi ki ji. Wannan shi ne alkakin da muka sani." Ta juyo tana lasar yatsa. "Ai ni gaskiya ba na ɓoye ta. Shekara uku ke nan alkakinki baurin kanwa kawai, kamar mutum yana tauna sabulu. Muka ce tsufa ne, baki ya mutu, kowa da ranarsa. Na bikin Sadiya ma awaki muka zuba wa, su ma sai da suka yi shawara. Har mun fara aikawa Tarai wajen wata yarinya. Amma wannan! Harshenki ya warke, wallahi. Ko wane magani kike sha, ki riƙe shi."

Mata suka yi ta miƙo hannu, ana ci ana sa albarka. Ba a taɓa yabon Hansatu a gaban jama'a irin na yau ba, kuma ba ta taɓa jin kunya irin ta yau ba. Ta yi murmushi, ta ce Allah ya bar zumunci. Ta saci kallon Ramlat, ta ga ta duƙar da kai tana gyaran igiyar takalmin da babu abin da ya same shi.

"Ke ba za ki ci ba?" Hajiya Lubabatu ta cusa mata guda a hannu. "Mai abu da abinta!"

"Na ƙoshi da ƙamshinsa tun safe, Hajiya." Ta ƙulle shi a gefen mayafi.

A hanyar komawa Rano su biyu ne kaɗai a bayan adaidaita. Sun wuce gonaki da yawa kafin Hansatu ta yi magana, ba tare da ta juyo ba.

"Ke ma kin sani?"

"Kowa ya sani, Umma."

"Har babanki?"

"Shi ya ce kada wanda ya faɗa miki. Ya ce ciwon da kike ciki ya ishe ki."

"Madalla. Gida guda, duk munafukai."

Ta share ido da bayan hannu, ta ce iskar hanya ce. Can ta kwance gefen mayafin, ta fito da alkakin. Ya ɗan farfashe, sukari ya manne a yadin. Ta juya shi, ta kai shi hanci ta shaƙa. Babu abin da take so a duniya a wannan lokacin kamar ta san me Hajiya Lubabatu ta ji.

Ta miƙa wa Ramlat.

"Ungo. Ba irin cinku na 'yan makaranta ba, a hankali za ki tauna. Ki faɗa min abin da kike ji, tun daga haƙori har ya wuce maƙogwaro. Kada ki tsallake komai."