Ƙugiyar Kaftin Sakelaris

Mata ba sa shiga shagon kofin da ke bakin tashar jiragen ruwanmu a tsibirin Kalimnos. Ni Temelina na shiga, da baƙin ɗankwalina da warin albasa a hannu, na tsaya a kan Kaftin Sakelaris yana buga karta.

Ga abin da ya kai ni. Ɗana Skebos mai nutso ne kamar marigayi ubansa, soso suke cirowa daga ƙasan teku. Ya sami aiki a Ostareliya. Ranar tafiyarsa da safe, kaya a ɗaure, sai ƙugiyar da ke tsayar da jirgin ruwan Kaftin ta maƙale a dutse can ƙasa. Kaftin ne ya riƙe Skebos a coci ranar baftisma, kuma a nan ba a ce wa irin wannan uban a'a. Yaro ya goya tulun iska ya sauka, ya sake sauka. Da la'asar ya hau jirgin sama.

Likita ta ce wanda ya yi nutso mai zurfi sai ya kwana ya wuni kafin ya tashi sama, in ba haka ba iskar da ke jininsa kumfa take yi. Ciwon nan mun san shi tun kakanni. In ya kama mutum, ruwa ake mayar da shi, a ɗago shi a hankali. To a sama wane ruwa za a mayar da shi? Kafin su sauka birnin Atina ƙafafunsa sun mutu.

Sai ga Kaftin yana baza wa gari wai yaron ne ya shiga don gangancinsa.

"Temelina, ɓatan hanya kika yi? Gidan burodi yana gaba," in ji tsoho Mikes, abokin kartarsa.

"Rufe bakin nan, Mikes, kada haƙoranka biyu su yi mura. Kaftin, wa ya tura ɗana ƙasa?"

"Haba uwar ɗana, zauna a kawo miki kofi."

"Na sha a gida. Wa ya tura shi?"

"Ubansa fa wuni yake yi a ruwa, ya fito ya taka rawa."

"Ubansa jaki yake hawa ya koma gida, ba jirgin sama ba."

Ba wanda ya yi dariya. Kaftin ya kife kartarsa.

"Ni ne," ya ce. "Na san da tafiyar. Na ɗauka ba komai."

"Ƙara murya, Mikes kurma ne."

Ya maimaita.

Na hau tudu na koma gida, ina jiran in ji sanyi a raina, ban ji ba. Skebos yana kan kekensa na guragu a bakin taga.

"Ya faɗa gaban kowa," na ce.

Ya gyaɗa kai. "Inna, ƙafata ta zame daga matakin keken."

Na durƙusa na ɗora masa ita.