Rabon Ido

Arzika ya dafa dutsen da ya fara zafi, ya ƙura wa gangaren tsaunin ido. Tun hantsi suke kwance a bayan garin Gehuru, shi da taubashinsa Yari, kazar dutse ko ɗaya ba ta yi kuka ba.

Tun suna samari haka suke farauta. Arzika ne ido, Yari ne bindiga, abin da aka samu a raba biyu. Kazar dutse launin dutse gare ta, sai ta ɗaga wutsiya ake gane ta, Arzika kuwa yakan hango ta daga inda wani ba ya bambance akuya da jaki. Amma tun bara yanar ido ta fara rufe masa gani. Bai gaya wa kowa ba, ko matarsa, don kada a ce sai asibitin Sakkwato. Da kunne yake aiki yanzu. A ƙa'idarsu kuwa, mai ido in bai gani ba, ba shi da rabo.

"Tsoho, barci kakai?" in ji Yari. "Albarushin ɗuri guda ya rage, cikina kuma ya fara zagina."

Arzika ya ga wani duhu-duhu a gindin ƙirya. Ko tsuntsu ne, ko kututture, bai sani ba.

"Ga su can, dama da ƙiryar."

Yari ya daɗe yana dubawa. Sannan ya gyara kwanciya, ya harba. Arzika ya ji fukafukai sun tashi daga hagu, nesa da inda ya nuna.

Yari ya gangara ya dawo da guda biyu, ya jefa masa babbar.

"Wanga ido naka, ko shaho sai haka. Hankalin dai ne Allah bai ba ka ba."

Arzika ya riƙe kazar, da sauran ɗuminta. In ya karɓa, ya ci abin da ba nasa ba. In ya mayar, ya ƙaryata mutumin da ya rufa masa asiri. Ya gaji, gwiwoyinsa na ciwo. Ya saka ta a jaka.

"Gobe ina muka nufa?" in ji Yari.

"Mu tahi wajen Maiyama," Arzika ya ce. "Na can sun fi kuka."

 Yari ya rataya bindiga ya shiga gaba, yana tafiya a hankali.