Ƙafa Huɗu a Filin Gudu

"Ja shi ya miƙe, Malama! Kada ki bari ya yi ciki!"

Verlene Gaddis ta ƙara jan tef ɗin awo har ya miƙe sambal a kan jar shimfiɗar filin gudu na kwalejin garin. Shekarunta sittin da takwas, gwiwoyinta ba sa son durƙuso, amma ta durƙusa. Can a ɗaya ƙarshen, maƙwabcinta Odell Pruitt yana zaune a kan keken guragu, tulun iskar da yake shaƙa a rataye a bayansa, ya take bakin tef ɗin da takalmi daidai kan wani ɗigon fenti ruwan lemo. Ciwo ya cinye masa jiki, amma muryarsa har yanzu tana kai yadi arba'in.

"Karanto mini."

Ta gyara tabarau, ta duba inda ɗigon fenti na biyu ya faɗa. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyar da lissafi, ba ta furta lamba sai ta duba sau biyu.

"Ƙafa ɗari da ashirin da huɗu."

"Sake dubawa."

"Odell, na duba. Yadi arba'in ƙafa ɗari da ashirin ne. Nan akwai ƙarin huɗu."

Ya ɗage takalminsa daga kan tef ɗin. Ta naɗe tef ɗin a hankali tana tahowa. Da ta iso kusa da shi sai ta ga ya ƙura wa ɗigon fentin ido, kamar wanda ya ga hoton wani ɗan'uwansa a jaridar 'yan sanda.

"Da hannuna na ɗiga shi," in ji shi.

Duk wanda ya san harkar ƙwallon nan ta kwalkwali da karo a Mississippi ya san Odell. Shekara arba'in ya yi yana yawo daga wannan kwaleji zuwa waccan da tsohuwar motarsa, yana duba wa wata babbar ƙungiya ɗaliban da suka isa a ɗauka a zaɓen 'yan wasa na ƙarshen Afrilu. Yakan auna tsayi, da faɗin tafin hannu, da tsawon damtse, ya riƙe agogo ɗan wasa ya ruga yadi arba'in, sannan ya rubuta hukuncinsa a takarda ɗaya. Kuma kowa ya san ƙa'idarsa: ba ya danna agogo a filin da bai auna da tef ɗinsa ba. Duk wanda ya horar, abin da ya fara koya masa ke nan.

Shi ya sa a watan Maris, ranar da wakilan ƙungiyoyi suka zo gwada ɗaliban wannan ƙaramar kwaleji, da ruwan sama ya jiƙa ciyawa aka koma filin gudu inda babu layuka, sai aka ce ai Odell yana nan, a ba shi girmansa ya auna. Ya auna, ya ɗiga fenti. Mutum tara ne suka zo, kowa da tef a jakarsa, babu wanda ya fito da nasa. Wa zai auna bayan Odell?

Ɗalibi ɗaya ne kawai aka zo dominsa a ranar: Kendarius Boyette, mai tsaron baya, ɗan shekara ashirin da biyu. Ya yi gudunsa a sakan huɗu da ɗigo sittin da shida. Ga mai tsaron baya, wannan lamba ƙofa ce da aka rufe. Wakilan suka zura agogunansu a aljihu, suka ce yaron kirki ne, Allah ya taimake shi, suka shiga motocinsu.

Tun da hannun Odell ya soma rawa, Verlene ce take tsallaka shingen da ke tsakaninsu da rana, ta kunna masa hotunan wasanni, ya faɗa ta rubuta. Ba wanda ya sa shi, ya daɗe da yin ritaya, amma ya ce ranar da ya daina kallon ƙafafun 'yan wasa a kira fasto. A nan ne ya maƙale wa wani wasa na watan Oktoba. Ya sa ta mayar da wuri ɗaya har sau goma sha ɗaya: ɗan wasan wata babbar jami'a ya kufce da ƙwallo, Kendarius ya taso daga ɗaya gefen filin, ya cim masa, ya kayar da shi.

"Wancan da aka kamo, nawa ya yi a nasa gwajin?" Odell ya tambaya.

Ta duba takarda. "Huɗu da ɗigo arba'in da biyar."

"To. Mai sittin da shida ba ya kamo mai arba'in da biyar daga baya, ko da kare ke binsa. Idona bai taɓa yi mini ƙarya a kan gudu ba. Wani abu ne ya yi ƙarya ranar. Ɗauko makullin mota."

Yanzu ga shi sun gano abin da ya yi ƙaryar.

A hanyar komawa gida ba su yi magana ba sai da suka wuce gidan mai da shagon soyayyen kifi. Verlene ta saba da shirun ɗalibin da ya gano kuskurensa da kansa, ta san ba a katse shi.

"Huɗun nan na gani kamar sifili," in ji shi a ƙarshe. "Tabarauna ya yi raɓa. Na kuma ji kunyar in ce wani ya duba mini."

"To yanzu fa?"

"Yanzu ki taka motar nan, Malama. Kina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai."

Ta shigar da shi falo, ta gyara masa robar hanci, ta zuba masa shayi mai ƙanƙara. Ya ce ta kira masa Harlan Stroud, ta ƙara muryar wayar. Harlan yaronsa ne na dā, shi ya koya masa aikin tun yana riƙe masa jaka, yanzu kuwa shi ne shugaban masu duba 'yan wasa a ƙungiyar.

"Tsoho mai ran ƙarfe!" in ji Harlan. "An ce mini kana kwance, ashe kana nan kana takura wa mutane."

"Rufe baki ka saurara. Arba'in ɗin da na auna muku a nan, ɗari da ashirin da huɗu ce."

Nan take Harlan ya bar raha.

"Ka tabbata?"

"Malamar lissafi ce ta karanta. Kana son ka yi musu da ita? Ga ta nan."

"A'a, ranki ya daɗe, ban isa ba." Harlan ya ja numfashi. "To ji nan, Koci. Wannan magana ta tsaya tsakaninmu. Zan turo mutum ɗaya a ɓoye ya sake gwada yaron. In ya yi kyau, bayan an gama zaɓe mu kira shi mu ba shi dama. Ba wanda zai ji, sunanka kuma yana nan yadda yake."

"Wato ku same shi a ɓagas, don sauran ba su sani ba."

"Ni sunanka nake karewa."

"Harlan, tun kana cin gyaɗa a bayan motata na san lokacin da kake karewa da lokacin da kake ciniki. Mutum tara suka rubuta lambar nan. Ta shiga ƙungiya talatin da biyu. Talatin da biyu za su ji."

"Za a yi ta ba da labarin nan shekara ashirin, Koci. Odell Pruitt ya kasa auna yadi arba'in."

"Su ba da. Su ƙara da cewa tara suka tsaya da tef a jaka suna kallona. Ina son sunayen waɗanda za a aika wa kafin ƙarfe uku."

Sunayen suka iso ƙarfe biyu da rabi. Verlene ta zauna gaban kwamfuta, ya faɗa ta buga. Ta so ta sa masa maganar ruwan sama da raɓar tabarau, ya ce ta goge. Abin da ya rage layi huɗu ne: shi Odell Pruitt ya yi kuskuren awo da ƙafa huɗu, lambar da aka rubuta wa Kendarius Boyette ba tasa ba ce, za a sake gudu ranar Juma'a da ƙarfe goma, kowa ya zo da tef ɗinsa.

"In aika?" ta tambaya, yatsarta a kan maɓalli.

"Da ɗalibinki ne, maki nawa za ki ba shi?"

"Na awo, sifili. Na gyara, ban taɓa rage wa kowa ba."

"To aika."

Daga ranar Laraba bai ƙara tashi daga gado ba. 'Yarsa Renita ta taho daga Memphis, ma'aikaciyar jinya ta soma zuwa sau biyu a yini. Ranar Juma'a da safe ya sa aka kira Verlene, ya damƙa mata tsohon agogonsa mai igiya.

"Kada ki kalli fuskarsa. Hannun da ya dafa ƙasa za ki kalla. Yana ɗagawa, ki danna."

Mutum goma sha huɗu ne suka zo, har da Harlan da kansa. Sai da aka auna filin sau biyar, kowa yana tsokanar ɗan'uwansa wai a kira wani ya duba masa. Ba wanda ya ambaci sunan Odell da dariya a gabanta. Kendarius ya zo ya gaishe ta, dogo ne, mai sanyin murya, ya riga ya karɓi aikin lodi a wani kamfanin katako tun bayan gwajin farko.

"Malama, yaya jikin Baba Odell?"

"Yana jiran lamba."

"Ki ce masa ban riƙe shi da komai ba."

"Ba wannan yake jira ba, ɗana. Je ka yi gudu."

Ya durƙusa, ya dafa ƙasa. Verlene ta kalli hannun. Lokacin da ya wuce ta gabanta sai da iskarsa ta kaɗa mata gefen riga. Ya sake na biyu. Mazajen suka haɗa kai suna nuna wa juna agogo, ta ga biyu daga cikinsu sun ja gefe sun soma waya.

Da ta koma, ta tarar da Odell an jingina shi da filo uku, idonsa a kan ƙofa.

"Nawa?"

"Harlan ya samu huɗu da ɗigo arba'in da tara. Sauran duk kusa da haka."

"Ke fa?"

"Ni biyar da ɗigo biyu. Na manta ban tsayar ba sai da ya wuce."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Renita ta rugo daga kicin tana harararsu. Da ya lafa, ya ce a kawo takarda.

"Rubuta. Boyette. Yana da gudu. Yana juya ƙugu ba tare da ya rasa taki ba. Yakan yi saurin yarda da yaudarar mai jefa ƙwallo, amma wannan ana koyarwa. Ko an ci su da yawa ba ya sassautawa. Za a ɗauke shi a zagaye na shida na zaɓe." Ya numfasa. "Sa hannuna a ƙasa. A'a, kawo, ni zan sa."

Ya ɗauki lokaci kafin ya gama haruffan, ita kuwa ta riƙe masa takardar ba ta taya shi ba.

Ranar Lahadi da hantsi ya cika. Verlene ta dawo daga coci ke nan, ko hula ba ta cire ba, ta hango Renita a tsaye a baranda ta harɗe hannuwa. Ba sai an faɗa mata ba. Renita ta ce ya sha cokali biyu na faten masara, ya tambaya ko an aika da takardar hukuncinsa a kan Boyette, aka ce masa an aika, sai ya ce a buɗe taga, ya juya fuska ga bango. A wajen jana'iza, manyan mutane masu faffaɗan kafaɗa suka cika kujeru huɗu na gaba, wasu da ɗingishi, kowannensu da labarin ranar da Odell ya zo kwalejinsu.

Bayan kwana goma sha uku aka kai ranar ƙarshe ta zaɓe, ranar Asabar. Verlene ta kunna talabijin tun azahar, ta zauna da kwanon ɗanyen wake tana ɓarewa. A irin waɗannan zagaye na baya ba kowane suna ake tsayawa a karanta ba. Masu sharhi suna can suna gardama a kan waɗanda aka ɗauka tun shekaranjiya, sababbin sunaye kuwa suna wucewa da ƙananan haruffa a ƙasan allo. Zagaye na shida ya zo ya wuce, ba ta ga komai ba. Ta ci gaba da ɓare wake.

Ana tsakiyar tallar motoci a zagaye na bakwai ta ga kamar an rubuta Boyette, tare da tambarin wata ƙungiya ta can arewa, ba ta Harlan ba. Kafin ta gyara tabarau ya shige. Ta ajiye kwanon, ta matso da kujera, ta jira jerin ya zagayo. Ya zagayo. K. Boyette, mai tsaron baya, da sunan kwalejin garinsu.

"Ka yi kuskure da zagaye ɗaya," ta faɗa a fili.

Ta tashi ta ɗaga labulen tagar da ke kallon gidansa. An rufe ko'ina, ciyawar gaban gidan ta soma tsawo, wani tsuntsu yana tafiya a kan matakalar baranda. Ta ɗan jima a tsaye. Sannan ta saki labulen, ta koma kujerarta, ta ɗora kwanon a cinya, tana ɓare wake tana jiran sunan ya sake zagayowa.